BABI NA BIYU: ƘIRAR KAYAN GIDA MASU HAƊI DA INTANET DOMIN SADA TSOFAFFI DA DANGINSU

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan nazari da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen gudanar da shi. A wannan babi kuwa, za a yi ƙoƙarin bayyana abin da ake nufi da kaya masu haɗi, da dalilin da ya sa masu ƙira suka karkata gare su wajen neman hanyar sada tsofaffi da 'ya'yansu da jikokinsu da ke nesa. Haka kuma za a kawo misalan irin waɗannan kaya da aka riga aka ƙera a ƙasashe daban-daban, sannan a fito da ƙa'idojin da za a iya tsinta daga cikinsu. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, irin wannan kaya yana cin sunansa ne idan tsohon da aka yi dominsa yana iya aika saƙo da shi da kansa, a lokacin da ya ga dama. Idan kuwa dangi ne kaɗai ke samun labarin tsohon, shi ba ya da bakin magana, to abin sa ido aka ƙera, zumunci bai ƙaru da komai ba.

2.1 Ma'anar Kaya Masu Haɗi

A wannan nazari, idan an ce kaya masu haɗi ana nufin kayan amfanin yau da kullum, kamar fitila ko fulas ko firam ɗin hoto, waɗanda aka sanya musu 'yar ƙaramar kwamfuta a ciki, ta yadda za su iya aika labari ko su karɓa ta hanyar intanet ko layin wayar salula. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Kevin Ashton ne ya raɗa wa wannan fanni sunan da za a iya fassarawa da "intanet na kayayyaki" a shekarar 1999.

Kowane kaya irin wannan yana da sassa uku. Na farko shi ne sashen da ke jin abin da mutum ya yi, wato taɓawa ko ɗagawa ko murɗawa ko zuba ruwa. Wannan shi ake kira sansa. Na biyu shi ne sashen da ke ɗaukar wannan labari ya kai shi wani wuri, galibi ta hanyar babbar kwamfutar kamfanin da ya yi kayan. Na uku kuwa shi ne sashen da ke bayyana saƙon a ɗaya ɓangaren, ko dai da haske, ko da sauti, ko da motsi. Ke nan idan tsohuwa ta kunna fitila a ɗakinta, wata fitilar ta kama a gidan ɗanta da ke wani gari, to sassan nan uku ne suka yi aikinsu a jere.

2.2 Dalilin Neman Wata Hanya Bayan Wayar Hannu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutanen da suka kai shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a shekarar 2020, kuma ana sa ran su kai biliyan 1.4 a 2030, sannan biliyan 2.1 a 2050. Har ila yau hukumar ta yi hasashen cewa a 2050 kashi 80 cikin 100 na tsofaffin duniya za su kasance a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. A watan Nuwamba na 2023 hukumar ta kafa kwamiti na musamman a kan kaɗaici da yankewar hulɗa, saboda ta ɗauke su a matsayin matsalar lafiya.

Mai karatu zai iya tambaya, ai ga wayar hannu, me ya rage kuma? Amsar tana cikin yadda jikin ɗan Adam yake sauyawa da shekaru. Daga wajen shekara 40 idon mutum yakan fara kasa ganin ƙananan rubutu a kusa, daga baya kuma rarrabe wasu launuka, musamman shuɗi da kore, yakan yi wuya. Ta fuskar ji, siraran sautuka ne suke fara ɓacewa, kuma su ne mafi yawan na'urori suke amfani da su wajen jawo hankali. Hukumar da aka ambata ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su sakewa. Bugu da ƙari, gilashin wayar zamani yana aiki ne da ɗan lantarkin da ke jikin fata, don haka busasshen yatsa ba kullum yake kama shi ba, hannu mai rawa kuwa yakan danna abu sau biyu ko ya danna na kusa da shi.

Bayan matsalar jiki akwai ta tsari. Wayar zamani abu ɗaya ce mai ayyuka barkatai, kuma kowane aiki yana ɓoye a bayan wani. Kafin a aika gaisuwa ɗaya sai an buɗe makulli, an nemo manhaja, an nemo suna, an danna wurin ɗaukar murya. Da zarar an sabunta manhajar, abin da tsoho ya haddace jiya yana iya canza wuri yau. Sakamakon haka shi ne dattijo yakan koma jiran wani yaro ya zo ya danna masa, wato maganar da ke tsakaninsa da ɗansa sai ta bi ta hannun mutum na uku.

2.3 Asalin Wannan Tunani

Masana sukan danganta tushen wannan fanni da Mark Weiser na cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Amurka. A wata maƙala da ya buga a 1991 ya yi hasashen cewa kwamfuta za ta saje da kayan da ke kewaye da mutum har a daina lura da ita. Daga baya shi da John Seely Brown suka yi bayanin fasahar da ba ta damun mai ita, wadda take zaune a gefen hankali sai an buƙace ta.

A shekarar 1992 wani ɗalibi a Kwalejin Zane ta Masarautar Ingila da ke Landan, mai suna Durrell Bishop, ya tsara wata na'urar ajiye saƙon tarho wadda ta zama abin misali. A tsarin nasa, duk lokacin da wani ya bar saƙo sai 'yar ƙwallon gilashi ta gangaro cikin wani mazubi. Mai gida zai ga yawan saƙonninsa da yawan ƙwallayen. In yana son sauraro sai ya ɗauki ɗaya ya ɗora a wani gurbi, in kuma yana son ya kira mai saƙon sai ya ɗora ta a wani gurbin daban. Muhimmancin wannan tsari shi ne ya mayar da saƙo abin da hannu ke riƙewa, ake iya ajiyewa a gefe ko a miƙa wa wani. A 1997 Hiroshi Ishii da Brygg Ullmer na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, suka faɗaɗa wannan tunani ya zama fannin bincike mai zaman kansa, wanda ya shafi sarrafa bayanan kwamfuta ta hanyar kayan da ake taɓawa.

2.4 Rabe-raben Kaya Masu Haɗi

Idan aka dubi irin aikin da suke yi tsakanin tsoho da danginsa, za a iya kasa waɗannan kaya gida uku kamar haka:

2.4.1 Kayan Nuna Tunawa

Waɗannan ba sa ɗaukar magana ko rubutu, alama kawai suke aikawa mai nuna cewa wani ya tuna da wani. A 1996 Rob Strong da Bill Gaver sun gabatar da wani tsari inda matafiyi yake riƙe da firam ɗin hoto. Idan ya ɗaga firam ɗin, sai 'yar fanka ta tashi a gida ta hura gashin tsuntsu sama a cikin wani mazubi da ake hango cikinsa. A 2001 wasu masu bincike a MIT suka ƙera LumiTouch, wato firam biyu na hoto, in an taɓa ɗaya sai ɗayan ya yi haske. Haka kuma a 2005 Alexandra Deschamps-Sonsino, tana ɗaliba a garin Ivrea na Italiya, ta tsara Good Night Lamp, fitilu masu siffar gida, babba ɗaya da ƙanana. In an kunna babbar sai ƙananan su kama a duk inda suke a duniya.

Ko da yake ba domin tsofaffi kaɗai aka yi waɗannan kaya ba, sun dace da su, domin ba a buƙatar iya karatu, kuma wanda aka aika wa alamar ba lallai ne ya bar aikinsa ya amsa ba. Wannan yana rage wa dattijo nauyin da yakan ji na kada ya dami 'ya'yansa suna bakin aiki. Rauninsu shi ne alamar tana iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. In fitila ba ta kama ba, ɗa ba zai san ko mahaifiyarsa ta manta ne, ko ba ta da lafiya, ko wuta ce aka ɗauke ba.

2.4.2 Kayan Lura da Lafiyar Tsoho

A wannan rukuni kayan ne da kansu suke ba da labari, ba tare da tsohon ya yi niyyar aikawa ba. Fitaccen misali shi ne fulas ɗin lantarki mai suna i-Pot wanda kamfanin Zojirushi na Japan ya fitar a 2001. Da yake tsofaffin Japan suna shan shayi sau da yawa a yini, sai aka sanya wa fulas ɗin na'urar aika saƙo a cikinsa, dangi su riƙa samun bayanin lokutan da aka kunna shi ko aka zuba ruwa. In safiya ta wuce ba a taɓa shi ba, sai a buga waya a ji ko lafiya. An kuma sanya masa wani maɓalli da tsohon zai danna in zai fita unguwa, don kada hankalin dangi ya tashi a banza.

A wannan shekarar ta 2001 Elizabeth Mynatt da abokan aikinta a Cibiyar Fasaha ta Jojiya da ke Amurka suka gabatar da wani firam na hoto da ake ajiyewa a gidan ɗa ko 'ya. Hoton tsohon yana tsakiya, a gefe kuma akwai alamomi masu sauyawa kullum bisa ga abin da sansa ta ji a gidansa. A gwajin da aka yi daga baya an yi amfani da zanen malam-buɗe-littafi, girmansa yana nuna yawan zirga-zirgar da aka yi a ranar.

Amfanin waɗannan kaya a fili yake, musamman ga tsohon da ke zaune shi kaɗai. Sai dai kuma labarin yana tafiya ne ta fuska ɗaya. Hankalin ɗa yana kwantawa, kuma wannan kwanciyar hankali tana iya sa ya rage kira, tunda ya riga ya san an tashi lafiya. Ta haka abin da aka yi don kusantar da mutane yana iya nisanta su. Maɓallin fita unguwa na i-Pot shi ne ɗan gurbin da aka bar wa tsohon ya faɗi wani abu da kansa.

2.4.3 Kayan Hira da Ganin Juna

Rukuni na uku su ne masu ɗaukar murya da hoto. Misali a nan shi ne Komp, wanda kamfanin No Isolation na birnin Oslo a ƙasar Norwe ya fitar a 2017. Kamarsa ɗaya da ƙaramin talabijin na da, kuma abin murɗawa ɗaya tak gare shi, irin na rediyo, wanda ke kunnawa da kashewa da ƙara sauti. Dangi ne suke turo hotuna da saƙonni da kiran bidiyo daga wayoyinsu. In kira ya shigo yakan buɗe da kansa bayan 'yan daƙiƙoƙi, sai dai in tsohon ya kashe na'urar. Wannan sauƙi ya kawar da matsalolin da aka lissafa a 2.2, amma an biya shi da tsada, domin a ƙirarsa ta farko tsohon ba ya iya fara kira, sai dai a kira shi.

2.5 Ƙa'idojin da Ya Kamata Mai Ƙira Ya Kiyaye

Daga misalan da suka gabata za a iya fitar da ƙa'idoji biyar.

Ta farko, a gina ƙira a kan abin da hannun tsoho ya riga ya sani. Donald Norman a littafinsa na 1988 ya nuna cewa kaya mai kyau siffarsa ce take gaya wa mutum yadda zai yi amfani da shi. Wanda ya shekara 50 yana murɗa rediyo ba ya buƙatar a koya masa abin murɗawa.

Ta biyu, kaya ɗaya ya yi aiki ɗaya, kuma ya nuna a take cewa ya yi. In an danna a ji ƙara mai kauri ko a ga haske mai ƙarfi, don kada a yi ta maimaitawa cikin shakka.

Ta uku, saƙo ya riƙa tafiya ta fuska biyu. Wannan ita ce ƙa'idar da wannan nazari ya fi ba wa muhimmanci. Dattijo mai nasiha ne, mai sa albarka, mai tambayar lafiyar jikoki, kuma a nan girmansa yake. Kayan da ya mayar da shi wanda ake dubawa kawai ya rage masa wannan matsayi.

Ta huɗu, tsohon ya san abin da ake aikawa game da shi da wanda ake aika wa, kuma ya iya tsayar da shi da hannunsa. Yardar 'ya'ya ba ta isa ta maye gurbin tasa ba, matuƙar yana cikin hankalinsa.

Ta biyar, a yi tanadin ranar da kamfani zai daina aiki. A 2005 wani kamfanin Faransa mai suna Violet ya fitar da Nabaztag, wani mutum-mutumin zomo mai haɗi da intanet. Ana iya haɗa zomaye biyu ta yadda in an motsa kunnen ɗaya na ɗayan ma zai motsa. A 2011 aka rufe manyan kwamfutocin da suke dogaro da su, zomayen suka yi shiru a gidajen mutane, har sai da wasu masu sha'awa suka kafa nasu madadin. Tsohon da ya saba da kaya na shekaru, in aka yanke masa shi dare ɗaya, an yanke masa hanyar da yake jin ɗuriyar 'ya'yansa ne.

Hanyar kiyaye waɗannan ƙa'idoji ita ce a sa tsofaffin cikin aikin tun daga farko. A 1999 Bill Gaver da Tony Dunne da Elena Pacenti sun ba da rahoton yadda suka raba wa ƙungiyoyin tsofaffi a Oslo, da unguwar Bijlmer ta Amsterdam, da ƙauyen Peccioli na Italiya wasu ƙunshi masu ɗauke da katunan wasiƙa da taswira da kyamara, domin su nuna rayuwarsu da kansu a tsanake. Abin da ya dawo ya nuna wa masu ƙirar cewa al'ummomin uku sun sha bamban, kuma kalmar "tsoho" ba ta isa ta bayyana bukatar kowa ba.

2.6 Dacewar Waɗannan Ƙa'idoji da Gidan Bahaushe

Duk misalan da aka kawo an ƙera su ne a ƙasashen da tsoho yakan zauna shi kaɗai, ga wutar lantarki ba yankewa. Tunda wannan nazari yana da nufin tsara kaya domin tsofaffin Hausawa, wajibi ne a dubi inda yanayin ya yi daidai da inda ya saɓa.

Aika saƙo ta hanyar kaya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Goro da alewar da ake rabawa don gayyatar suna ko ɗaurin aure saƙo ne da ake riƙewa a hannu, kamar ƙwallayen Bishop. Haka nan saƙon murya ya daɗe, domin kafin zuwan wayar salula Nijeriya a 2001 masu ci-rani da mazauna nesa sukan ɗauki magana a kaset su ba matafiyi ya kai gida, wasu kuma su aika gaisuwa ta shirye-shiryen rediyo irin su Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Wannan yana nuna cewa murya ta fi rubutu dacewa, musamman ga waɗanda karatunsu na ajami ne ko ba su yi na boko ba.

Inda yanayin ya saɓa kuwa, na farko shi ne dattijon Bahaushe ba safai yake zama shi kaɗai ba. Yana cikin mutane, amma wani ɗa ko wata 'ya da yake marmarin ji suna nesa. Don haka bukatar kayan lura irin i-Pot ba ta kai ta kayan gaisuwa ba. Na biyu, a gidan da akwai surukai da kishiyoyi da yara, saƙon da ya tashi da ƙarfi kowa zai ji, saboda haka sai mai shi ne zai zaɓi lokacin sauraro. Na uku, kiran bidiyo mai buɗe kansa daidai yake da shiga ɗaki ba sallama. Yana iya riskar tsohuwa tana salla ko ba ta yafa mayafi ba, kuma mai kiran yana iya zama suruki wanda akwai kunya tsakaninsu. Ya kamata kayan ya yi sallama ya jira a amsa. Na huɗu, dole kayan ya yi aiki da batir ko hasken rana, ya kuma dogara da layin salula, ya iya riƙe saƙo har lokacin da sabis zai dawo.

Daga ƙarshe, Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Babu fitila ko firam da zai ɗauke wa ɗa nauyin zuwa gaida iyayensa. Aikin kayan shi ne ya riƙe igiyar tsakanin ziyara da ziyara.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar kaya masu haɗi da sassansu uku, an kuma nuna dalilan jiki da na tsari da suke sa wayar hannu ta gagari tsofaffi da yawa. An bi asalin tunanin daga Weiser da Bishop zuwa Ishii, sannan aka kasa kayan zuwa na nuna tunawa, da na lura, da na hira. An ga cewa sauƙin amfani kaɗai bai wadatar ba, domin wasu daga cikin kayan da suka fi sauƙi su ne suka bar tsoho a matsayin mai jiran a kira shi. A babi na gaba za a yi amfani da ƙa'idoji biyar da aka fitar, tare da abubuwan da aka lura da su a 2.6, wajen tsara samfurin akwatin saƙon murya wanda dattijo zai iya aikawa da karɓa da shi ba tare da neman taimakon kowa ba.